INA WAƊANDA SUKA DAINA ZUWA KARƁAR MAGANI?

Duk wanda ya taɓa fita rangadin duba makarantu ya san littattafai uku da hedimasta ya kan ajiye masa bisa tebur. Na fari rajistar shiga, inda a ke rubuta sunan yaro ran da ubansa ya kawo shi. Na biyu rajistar kiran suna ta ko wace safiya. Na uku takardar sakamakon jarrabawa. Sabon ma'aikaci ya kan buɗe na farin, ya ga sunaye sun cika shafi, ya yi murna, ya koma ofis ya rubuta cewa makaranta tana ci gaba. Wanda ya daɗe cikin aikin kuwa ba ya ko buɗe littafi tukuna, sai ya shiga aji ya ƙidaya kawuna. Mu ma da mu ke wannan magana sai da muka yi wautar fari kafin mu koyi dabara ta biyu. Akwai wata makaranta a ƙasar Kibiya, ba sai mun faɗi sunanta ba, inda muka tarad da rajista cike da alamar halarta, alhali kuwa rabin bencina babu kowa. Da muka matsa tambaya aka ce ai damina ce, yara suna gona. Muka bi sunayen ɗaya ɗaya, sai ga shi wata an yi mata aure, wani ya bi malaminsa gabas, wani kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya rasu tun bara, amma a takarda kullum safe yana amsa kira.

Abin da ya tuna mana da wannan shi ne maganar masu cutar ƙanjamau da maganin da a ke ba su. Mu ba likitoci ba ne, ba mu kuwa da niyyar koya wa likita aikinsa. Amma riƙon rajista da ƙidayar mutane sana'armu ce, mu da ku malamai da akawuna masu karanta wannan jarida, kuma a ganinmu rabin aikin ƙanjamau a yau aikin rajista ne. Sabo da haka muna da ta cewa.

Bari mu fara da inda aka fito, gama yaran yanzu ba su san shi ba. A shekarar 1986 aka fara ba da sanarwar samun wannan cuta a Nijeriya. Cikin shekara goma sha biyar da suka biyo baya, in likita ya ce talaka yana da ita, to, sai dai a ba dangi haƙuri, domin maganin da ke akwai a ƙasashen Turai da Amurka kuɗinsa ya kan kai dala dubu goma a shekara ga mutum guda. A 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai sayar da nasa haɗin a kan dala 350 a shekara, sai ƙofa ta buɗe. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta soma ba da magani a asibitoci 25, da nufin ya isa ga manya dubu goma da yara dubu biyar, majiyyaci yana biyan Naira dubu ɗaya a wata. A 2004 taimakon Amurka wanda a ke kira PEPFAR ya shigo, ga kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Daga 2006 aka mai da maganin kyauta a asibitocin Gwamnati. Da can mutumin Rurum ko na Tarai sai ya ɗauki hanyar birni. A hankali aikin ya sauko har manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Maganin kansa ma ya yi sauƙi. Na farkon safe da yamma a ke sha, wani cikinsu yana sa ƙafafu su mutu, kumatu su zube. Yanzu ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce rak a yini, ta haɗa magani uku, ma'aikatan asibiti suna kiranta TLD.

Wannan duka abin godiya ne ga Allah. Da yawa cikinmu mun san wani da aka fid da rai da shi, yau ga shi yana noma, har ya aurar da 'ya'ya. Amma akwai abu guda game da maganin nan da ya wajaba kowa ya riƙe: ba ya raba cutar da jiki, danne ta ya ke yi. Muddin ana shansa kullum, ƙwayar cutar ba ta samun damar hayayyafa, garkuwar jiki ta farfaɗo, mutum ya ci gaba da harkarsa kamar kowa. Ran da aka bari kuwa, cikin 'yan makonni ta taso. Abin da ya fi wannan muni shi ne a sha yau a bari gobe, domin ta haka ne cutar ke sabawa da magani har ya daina yi mata kome, a koma neman wani haɗin mai tsada, mai wuyar samu. Watau wanda aka rubuta sunansa ran da ya fara magani daidai ya ke da yaron da aka rubuta ran da aka kawo shi aji ɗaya. Ba a yi kome ba tukuna. Bambancinsu dai shi ne yaro yana gama firamare cikin shekara shida, wannan makaranta kuwa ba ta da ranar sallama.

To, yaya a ke sanin magani yana aiki? Da fari da ido a ke dubawa: a ɗora mutum kan sikeli, a ga ko ya yi ƙiba, ko gudawa ta tsaya, ko tari ya lafa. Akwai kuma awon da a ke kira CD4, wanda ke ƙidaya waɗansu ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Mai lafiya ya kan sami daga 500 zuwa sama. In suka sauka ƙasa da 200, cututtuka sun sami ƙofa, musamman tarin fuka, wanda shi ne ya fi kashe masu ƙanjamau. A zamanin ƙarancin magani da wannan awo a ke zaɓen wanda za a ba. Da fari sai wanda ya sauka ƙasa da 200. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa 350, a 2013 zuwa 500, a 2015 ta ce duk wanda aka samu da cutar a fara ba shi, kada a jira ya raunana. Nijeriya ta bi wannan a 2016. Amma awon da ya fi ko wane faɗin gaskiya shi ne wanda ke ƙidaya ƙwayar cutar ita kanta a cikin jini, kuma tun 2013 Hukumar ta ce da shi ya kamata a dogara. Ƙa'idarsa a yi shi bayan wata shida da fara magani, a sake a wata na goma sha biyu, daga nan sau ɗaya ko wace shekara. In aka tarar ƙwayoyin ba su kai dubu ba cikin mililita ɗaya na jini, watau kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, to, an danne cutar. In sun haura dubu, sai a zauna da majiyyaci a bincika ko yana tsallake sha, a ba shi kamar wata uku, a sake awo; in har yanzu suna sama, a canja masa magani. Wannan ita ce jarrabawar, littafi na uku.

Amfaninta kuwa bai tsaya ga mai ciwon kaɗai ba. A 2011 aka fito da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe da dama a kan ma'aurata waɗanda ɗaya yana da cutar ɗaya ba shi da ita, aka ga fara magani da wuri ya rage kamuwar ɗayan da kashi 96 cikin ɗari. Binciken da ya biyo baya ya ƙara tabbatarwa cewa wanda aka danne cutar a jininsa har awo ba ya ganinta ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Mu da mu ke ƙasar da namiji ya kan ajiye mace biyu, uku, har huɗu, ya kamata mu fi kowa kama ma'anar wannan. Ƙwaya ɗaya da maigida ya haɗiya da daddare gida guda ta ke tsarewa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye ma'auni uku: cikin masu cutar, 95 cikin ɗari su san suna da ita, cikin waɗanda suka sani, 95 cikin ɗari su kasance kan magani, cikin masu shan magani, 95 cikin ɗari a danne musu cutar. Malamai, ku ba 'yan aji shida wannan lissafi ku gani. In an cika duka ukun, cikin mutum ɗari kimanin 86 za su kai ga gaci. In kuwa ko wane mataki 80 aka samu, adadin da ko wane mai rahoto zai karanta yana murmushi, to, ɗari ta koma 80, 80 ta koma 64, 64 ta koma 51. Rabi ke nan sun zube a hanya, alhali ko wane ofis yana cewa ya ci jarrabawa.

Mun riga mun ga yadda lissafi mara tushe ke ɓad da mutane. Shekaru da yawa ana kimanta yawan masu cutar daga jinin matan da ke zuwa awon ciki a waɗansu zaɓaɓɓun asibitoci, har a 2001 aka sami 5.8 cikin ɗari, daga baya kuma ana ta faɗin cewa masu cutar sun haura miliyan uku. Sai a 2018 aka fita gida gida cikin dukan jihohi aka yi awo na gaskiya. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon a watan Maris na 2019, sai ga shi 1.4 ne cikin ɗari tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, jimla kimanin miliyan 1.9. A Jihar Kano ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Aka yi murna, kuma ya cancanta. Amma cikin takardar nan akwai layin da mutane kaɗan suka tsaya a kansa: a lokacin, waɗanda aka danne wa cutar ba su kai rabin masu ita ba. An ci gaba ƙwarai tun daga sa'an nan, ba mu musu. Abin lura dai shi ne sai da aka shiga aji aka ƙidaya kawuna sa'an nan aka sani.

Kalmar da ta fi damunmu cikin dukan rahotannin nan ita ce "ya ɓace". In majiyyaci ya wuce ranar karɓar maganinsa, da can da kwana 90, daga baya aka rage zuwa kwana 28, sai a fid da shi daga jerin masu shan magani a sa shi cikin waɗanda suka ɓace. Ɓata ina? Ai ba akuya ba ce. Mutum ne mai gida, mai dangi, yana wani wuri, ko bisa ƙasa ko ƙarƙashinta. A 2007 waɗansu masana na Jami'ar Boston ta Amurka suka tattara rahotannin asibitocin Afirka ta kudu da Sahara, suka tarar bayan shekara biyu da fara magani kimanin 60 cikin ɗari kaɗai suka rage a hannu. A shekarar nan kuma aka buga labarin wani aiki da aka yi a arewacin Malawi, inda ma'aikata suka bi sawun mutum 253 da rajista ta ce sun ɓace. Rabinsu sun mutu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna da rai. Sauran ba a gano su ba, galibi domin adireshin da ke cikin rajista ba daidai ba ne. Ku duba abin da wannan ke nufi, ku akawuna: asibitin da ba ya bin sawun kowa shi ne zai fi kowa ƙarancin mace-mace a takarda, har a ba shi lambar yabo, wanda ya wahala ya bi kuwa nasa lissafin ya fi muni.

Gaskiya ne waɗannan lambobi na zamanin da a ke fara magani a makare ne. Yau da yawa cikin waɗanda a ke ce wa sun ɓace wani asibitin suka koma ba tare da takardar canji ba, suka yi sabon kati, wani lokaci da sabon suna. Sai mutum guda ya zama biyu, ɗaya ɓatacce a nan, ɗaya sabon kamu a can. Don maganin wannan ne aka shigo da ɗaukar hoton yatsa, ana tura bayanan zuwa rumbun kwamfuta na ƙasa. Dabara ce mai kyau. Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa, ba ta kuwa hawa babur ta je Zurgu ta yi sallama.

A ƙasar Rano da Kibiya dalilan da ke raba mutum da maganinsa ba ɓoyayyu ba ne, su ne dai waɗanda ke raba yaro da aji. Da damina aikin gona ya taso, hanya ta lalace, kuɗin mota ya yi wuya. Da kaka ta wuce samari su tafi cin rani, wani Legas, wani Fatakwal, wani Abuja, wani noman rani a Kadawa, da maganin wata guda cikin aljihu. Mace ba ta fita sai da izinin miji, mai yiwuwa kuwa ba ta iya gaya masa abin da ke kai ta asibiti ba. Wadda aka saka ta koma gidan iyayenta a wani gari. Mai cikin fari ta tafi gida haihuwa da wankan jego, ta yi kwana arba'in ko fiye, daidai lokacin da ita da jaririn suka fi bukatar kulawa. Wani azumi ya zo ya ajiye magani, don ba wanda ya gaya masa ƙwaya ɗaya a yini ana iya shanta bayan shan ruwa ko da sahur. Wani ya ji ƙarfi ya ce ya warke. Wani ya ji mai mota da lasifika a kasuwa yana rantsuwa cewa garinsa yana wanke jini cikin kwana bakwai.

Amma babban dalili, wanda ba shi da ɗan'uwa a makaranta, shi ne kunya. A nan ƙarancin masu cutar ma ya kan zama wata wahala. Inda su ke da yawa, layin karɓar magani layi ne kamar ko wane. A garin da kowa ya san kowa, duk wanda aka gani a ƙofar ɗakin nan labarinsa ya riga shi isa gida. Shi ya sa za ka ga mutumin Kibiya ya wuce asibitin da ke kusa da shi, ya biya kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya, rufin asiri ya ke saye da kuɗin nan. Ran da aljihu ya bushe, magani ya tsaya. Ba da maganin wata uku ko shida gaba ɗaya, wanda aka faɗaɗa a 2020 lokacin annobar korona, ya rage wannan nauyi sosai, muna kuwa goyon bayansa. Sai dai a tuna, wanda sau biyu kaɗai a ke ganinsa a shekara, in ya tsallake ɗaya, an yi asarar rabin shekara.

Akwai kuma ɓatan da ba na mutum ba, na takarda. Ana ɗiban jini a asibitin karkara, a ɗora a babur zuwa babban ɗakin gwaji a birni, jini kuwa ba ya jure zafi da jinkiri. In ya isa lafiya aka auna, sauran sakamakon ya komo, ya shiga fayil ɗin mai shi, likita ya gani, a gaya wa mai shi, a yi abin da ya kamata. Ko wace gaɓa cikin waɗannan tana iya tsinkewa. Wani abokin aikinmu, malami mai hankali, wanda ya amince mana da sirrinsa, ya ce sau biyu aka ɗebi jininsa, ba wanda ya taɓa ce masa ga abin da aka gani, shi kuwa ya ɗauka shiru alamar lafiya ce. Mu a makaranta in malami ya yi jarrabawa ya kulle sakamako a durowa, ba mu cewa ya yi jarrabawa. Rahoton da ke cewa an ɗebi jinin mutum kaza ba ya gamsar da mu. A gaya mana nawa ne suka ji sakamakonsu, cikin kwana nawa, kuma cikin waɗanda nasu ya haura dubu nawa aka kira.

Mai yiwuwa wani ya ce, ku malaman makaranta kun faye son awo, ƙasar da ba ta da kuɗi gara ta sayi magani da ta sayi injin gwaji. Maganarsa tana da tushe. An yi wani bincike a Yuganda da Zimbabuwe a kan mutum 3,316, aka raba su biyu, rabi likitansu yana ganin sakamakon awon jini a kai a kai, rabi da ido kawai a ke duba su. Bayan shekara biyar, 90 cikin ɗari na rukunin fari suna da rai, na biyun 87. Tazarar kaɗan ce, kuma in da zaɓi ne tsakanin magani da awo, mu ma magani za mu ɗauka. Amma a karanta labarin har ƙarshe. Awon da aka gwada a can na CD4 ne da na lahanin magani, ba na ƙidayar ƙwayar cuta ba. Sa'an nan dukan rukunin biyu ko wane wata ma'aikacin jinya yana ganinsu, waɗanda suka ɓace kuwa 'yan kaɗan ne. Abin da binciken ya nuna mana ke nan: ana iya yin aiki mai kyau ba da injin mai tsada ba, amma ba a iya yinsa ba da kiran suna ba.

Yanzu ga ku, 'yan'uwanmu akawuna. A zamanin En'e, sa'ad da a ke ƙidayar haraji da jangali, rage kawuna a ke yi, don ko wane kai kuɗi ne zai fita. Yau abin ya juya, kuɗi yana bin yawan suna, sai jarabar ta zama ta ƙari. Akawun da ya bar sunan mamaci cikin jerin masu karɓar magani ya yi ha'inci, kuma ha'incin da ke sa a sayi magani domin wanda ba shi, a manta da marayunsa waɗanda ya kamata a auna. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugaban da ba ya son jin kome sai lamba ta hau, wanda ke tsawata wa mai kawo masa labarin ɓatattu, shi ne ya koya wa akawu ƙarya. Mu mun gwada a namu aikin: ran da muka daina faɗa wa hedimastan da ya kawo rajista mai giɓi, muka koma tambayarsa yadda za mu taimaka, ran nan muka fara ganin rajistar gaskiya.

Wata shawara kuma da muka ji ana kawowa, wadda ba mu yarda da ita ba ko kaɗan, ita ce a ba dagatai da masu unguwa sunayen waɗanda suka daina zuwa, su nemo su kamar yadda su ke nemo mana yara masu gudun makaranta. Masu wannan ra'ayi su kan kafa hujja da shan inna, inda sarakuna suka tsaya tsayin daka har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kau da nau'inta na asali daga Afirka. Hujjar ba ta hau ba. Ɗigon shan inna ko wane yaro a ke yi wa, ba wanda ya ji kunya don an shiga gidansa. Nan kuwa sallama guda a ƙofar gida ta isa ta kashe aure. Dokar Tarayya ta 2014 ta hana a bayyana ciwon mutum ba da yardarsa ba, ta hana a kore shi daga aiki ko makaranta sabo da shi. Tun da kuma Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, masu sanin matsayinsu za su ƙaru, takardun kuwa suna bi ta hannun waliyyai da limamai, ciki fa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hanyar da ta dace ita ce tun ran farko a tambayi majiyyaci wa ya amince da shi, ta wace lamba za a kira shi, me za a ce in wani ya ɗauka. Masu bin sawu su zama daga cikin masu shan maganin su kansu, gama su ne suka san yadda a ke shiga gida ba a tona asiri ba. Aikin Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, da hakimanta da limamanta, shi ne su yi ta faɗa a fili cewa mai shan maganin nan ba abin gudu ba ne. Wannan ya fi ƙarfin akawu, su kuwa suna iyawa.

Ku malamai, naku rabon yara ne. In ba a yi kome ba, tsakanin 15 da 45 cikin ɗari na jariran da iyayensu mata ke da cutar su kan kamu, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani ana sauko da shi ƙasa da 5. Ana auna jariri yana da mako shida, domin wanda ya kamu ba a ba shi magani ba, kusan rabin irinsu ba su kai shekara biyu. Waɗanda aka cece su tun 2006 yau su ne samari da 'yan mata a sakandarenmu, waɗansu a makarantun kwana, suna ɓoyon ƙwaya cikin akwati kamar kayan sata, su ne kuwa suka fi kowa saurin barin magani. In yaro ya nemi izinin zuwa asibiti ko wane wata uku, a ba shi, kada a tsare shi da tambaya gaban aji. In uba ya amince wa malami guda da maganar, ta tsaya a kunnensa, kada ta isa ɗakin malamai.

Sauran maganar kuɗi. Ran 20 ga Janairu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya ba da umurnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90. Daga baya aka ce magungunan ceton rai su ci gaba, a watan Fabrairu kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen magani. Amma a wurare da yawa na Afirka waɗanda aka fara sallama su ne masu riƙon rajista da masu bin sawu, tun da albashinsu daga can ya ke fitowa. Zanen aro ba ya rufe katara. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Ba mu ce ƙaramar hukuma ta sayi magani ko injin gwaji ba, sun fi ƙarfinta. Amma albashin akawu guda na dindindin, da man babur, da katin waya, ba su fi ƙarfin Rano ko Kibiya ba.

In sun biya, suna da ikon tambaya. Ko wane wata uku shugaban sashen lafiya ya zo gaban majalisar ƙaramar hukuma ya karanta, ba suna ba gari: waɗanda suka fara magani bara war haka su nawa ne, nawa ke karɓa har yanzu, nawa aka auna suka ji sakamako, nawa aka danne wa cutar. Waɗanda suka rage kuwa a rarraba su, ga waɗanda suka rasu, ga waɗanda suka koma wani asibiti, ga waɗanda suka bari da kansu, ga kuma waɗanda har yau ba a san inda su ke ba. Magatakarda ya rubuta wannan adadi na ƙarshe cikin littafin taro, domin in an sake zama bayan wata uku a fara da shi.